Gabana na faɗuwa in na tuna ɗora tukunya: ina marmarin girkina ya tafi?

«Assalamu alaikum Hajiya. Ni malamar makaranta ce a Tawa, shekarata 9 da aure, ƴaƴana 4. Da can babu abin da nake so kamar girki, har maƙwabta kan aiko yaro da kwano a sam masu miyata. Yanzu kuwa da na tuna akwai ɗora tukunya sai gabana ya faɗi. Kullum abu guda ne: tuwo, shinkafa, taliya, a koma tuwo. In na gama ma ba na iya ci. Maigidana bai ce komai ba, amma ni na san hannuna ya canza. Lalaci ne ya kama ni? Kuma wannan abu yana dawowa kuwa?»

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambaya biyu kika yi, kuma zan amsa su tun kafin in yi nisa don hankalinki ya kwanta: ba lalaci ba ne, kuma yana dawowa. Malalaciya ba ta damuwa don hannunta ya canza. Wadda ke zama ta rubuta wannan saƙo, son abin yana nan a ranta, kaya ne aka jibga masa har ya daina motsi.

Ni ƴar Adar ce, yankinku na Tawa, aure ya kawo ni Yamai. Na haura shekara 25 ina girkin biki da suna, ina kuma koya wa ƴanmata girki. A cikin waɗannan shekaru mata da yawa sun faɗa mini irin maganarki, galibi da murya ƙasa-ƙasa kamar masu tona wani abin kunya. Ni kaina na shiga wannan hali, zan ba ki labarin a gaba.

Ki fara da lissafi, tunda malama ce ke. In kina hura wuta sau 3 a yini, a shekara 9 kin ɗora tukunya sau 9,855. In sau 2 ne, 6,570. Babu sana'ar da mutum zai maimaita haka, ba Juma'a ba Lahadi, ba hutun ƙarshen shekara, ya ce kullum da ɗokin ranar farko yake tashi. Yau da gobe sai Allah.

Iyayenmu ba haka suka yi girki ba

Sau da yawa mace takan ce wa kanta: «Innata ta ciyar da gida mai mutum 20 ba ta taɓa ƙorafi ba, ni mutum 6 sun gagare ni.» Wannan kwatance bai yi miki adalci ba. Ki tuna yadda gidajenmu suke a ƙauyukan Adar. Da safe ɗumamen tuwon jiya ne ko kunu. Da rana fura ce, a dama da nono kowa ya sha ya koma aikinsa. Tuwo na dare ne. Ke nan babbar wuta sau ɗaya ake hura ta. Sannan a babban gida girki zagayawa yake, kowace mace da ranarta, wadda ba ta da girki yau ta samu ta yi kitso, ta yi saƙar faifai, ta je gaisuwa. Surfe da daka kuwa taruwa ake yi a gindin turmi, ana luguden taɓarya ana hira ana waƙa.

Ba ina cewa sun huta ba. Sun ja ruwa a rijiyoyin Adar masu zurfi, sun ɗauko itace a ka, sun yi daka har hannu ya yi kanta. Jikinsu ya fi namu shan wuya nesa ba kusa ba. Amma abu biyu ba su ɗauka ba waɗanda ke kika ɗauka: kaɗaici a gindin murhu, da tambayar «me za a dafa yau?» Hatsi na rumbu, kuka da guro na rataye, babu abin da za a tsaya tunani a kai. Ke kuwa kina gaban allo kina koyar da yara, rabin hankalinki na wurin miyar rana. Wannan ba ya son kuka, wancan sai taliya, maigida bai son a maimaita abin jiya. Kafin ki kunna ashana kin riga kin gaji. A ganina wannan tunanin ya fi tuƙin tuwo cin rai, don shi ba a ganinsa, ba kuma wanda zai ce miki sannu a kansa.

Ga kuɗin cefane. Tun lokacin takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023, da aka rufe iyakoki, kowace mace a ƙasar nan ta ga yadda shinkafa da mai da sukari suka tashi, alhali abin da ake ajiye mata da safe a gidaje da yawa bai motsa ba. Wadda ta iya girki ta san abin da miyarta ke nema, ta kuma san ba shi a hannunta. Dafa abin da kika san bai kai yadda kika iya ba, kullum, yana kashe zuciya a hankali. Ga zafi: a watan Afrilu da Mayu Tawa da Yamai na wuce digiri 40, ki haɗa da zafin murhu da hayaƙi a madafar da aka rufa da kwano. Sai kuma wayar hannu, da hotunan abincin da ake yaɗawa a Facebook da TikTok, an jera faranti kala bakwai an haska fitila. Mace ta kalli wannan ta juyo ta kalli malmalar tuwonta sai ta raina kanta, ta manta wancan don ido aka yi shi, nata kuwa shi ke raya gida.

Kafin a zargi zuciya, a duba jiki

Nan zan tsaya sosai, don nan ne mata suka fi yin sakaci. Haihuwa 4 cikin shekara 9, da shayarwa a tsakani, na cinye jinin mace. Ƙarancin jini ya yi yawa ƙwarai a matan ƙasarmu, kuma ba kullum yake kwantar da mutum ba. Alamarsa kasala ce, jiri in kin miƙe daga tsugune, bugun zuciya in kin ɗan tuƙa tuwo, haki, farin ido da farin tafin hannu, wani lokaci da kwaɗayin cin ƙasa ko tauna ƙanƙara. In kina jin ko biyu daga cikin waɗannan, ki je likita a auna jininki. Gwaji ne mai sauƙi. In an ba ki ƙwayar ƙarin jini ki shanye ta har iyakar watannin da aka ce, kada ki ajiye don kin ji dama-dama. Kuma ki raba shan shayi da cin abinci, a samu tazarar awa guda ko fiye, don shayi na tare sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da zogale, lemon tsami kuwa taimaka masa yake ya shiga jiki.

Sai ki tambayi kanki wannan da gaskiya: girki kaɗai ne ya fita raina, ko komai? In har yanzu kina jin daɗin hira da ƴan'uwa, kina dariya da yara, kina marmarin abincin gidan wasu, to gajiyar girki ce, kuma maganinta na hannunmu. Amma in barci ya lalace, kuka na zuwa ba dalili, wanka da kwalliya da ziyara duk sun zama nauyi, kuma abin ya wuce mako 2 a jere, musamman in bayan haihuwa ya fara, wannan ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, ba raunin imani ba ne. Ni mai girki ce, a nan iyakata ke nan: sabuwar miya ba ta warkar da shi, ma'aikatan lafiya za ki gani, tare da addu'a.

Batun rashin iya ci bayan kin gama, wannan kada ya tayar miki da hankali. Hanci na sabawa da ƙanshin da ya daɗe a cikinsa har ya daina jinsa, kuma yawancin abin da muke kira daɗin abinci ta hanci yake zuwa. Kin yi awa 2 cikin tururin miya, kin ɗanɗana sau biyar, kin sha ruwa saboda zafi, ina yunwa za ta tsaya? Shi ya sa miyar maƙwabciya ke fi miki daɗi ko da taki ta fi ta. Abin da nake yi a gidajen biki: in na sauke, sai in fita daga wurin, in watsa ruwa, in canza tufa, in zauna inda iska ke kaɗawa kamar minti 20, sannan a zubo mini. Ki gwada.

Girki iri biyu ne, kada ki haɗa su

Ga abin da nake son ki riƙe. Akwai girkin ciyarwa, akwai girkin marmari. Na ciyarwa farilla ce ta gida, dole a yi shi ko ana so ko ba a so, kuma ba a neman ya ba ki nishaɗi. Abin da ake nema ya yi sauƙi, ya yi tsabta, ya ƙosar. Na marmari shi ne wanda ya sa maƙwabta ke aiko kwano. Kuskuren mata masu hannu irinki shi ne suna son kowace tukunya ta zama ta marmari. In ta kasa, sai su ce sun lalace. A haka na ciyarwa ke danne ɗan'uwansa har ya shaƙe shi.

Saboda haka ba a farawa da neman sabon salo. A fara rage kaya.

Ki kashe tambayar «me za a dafa?» da takarda guda. Ki zauna ranar da ba makaranta, ke da maigida da manyan yaran, ku tsara abincin mako, a manna a bango. Litinin shinkafa da wake, Talata tuwon hatsi miyar guro, Laraba dambu da zogale, haka har mako ya zagayo. Wasu kan ce ai wannan shi ne maimaicin da ake gudu. A'a. Maimaicin da ke gundura shi ne wanda kika faɗa cikinsa don dabara ta ƙare miki da ƙarfe 12 na rana. Wanda aka tsara, kowa ya sa baki, hutu ne, kuma duk mai ƙorafi sai a nuna masa bango. Takardar nan tana da wani amfani: maigida zai ga da idonsa abin da kowace rana ke ci na kuɗi, maganar cefane ta tashi daga gunaguni ta koma lissafi.

Sannan ki mayar da babbar wuta sau ɗaya a yini, kamar yadda aka yi a gidan da kika tashi. Ɗumame ba abin kunya ba ne, fura da rana a lokacin zafi ta fi wa jiki shinkafa mai maiƙo. Sai dai a kiyaye: dafaffen abinci ba ya son wuce awa 2 a ajiye cikin zafin nan namu ba a kan wuta ba, ba a firigo ba, shinkafa ma ta fi saurin juyawa. In ba makawa sai miya ta kwana, a tafasa ta sosai da dare, a sake tafasa ta da safe har ta yi ɓararraka, ba a ɗan ɗumama ta sama-sama ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Niƙan mako a kai inji sau ɗaya, a tankaɗe, a shanya garin ya sha iska kafin a rufe. Tumatir da tattasai da albasa a markaɗa da yawa, a soya har ruwan ya ƙone mai ya taso sama. Wannan a firigo yana kwana 3 zuwa 4, kuma da shi miyar da ke cin awa guda za ta koma ta minti 20. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, kada ki dogara da firigo, ki koma ga dabarar kakanni, wadda ku kuke da ita fiye da kowa. Jiharku ce gidan albasar Galmi. Lokacin da ta yi araha ki yi gabu ki ajiye, ki tanadi busasshen tumatir, busasshen guro, kuka, yakuwa, daddawa, dakakken yaji. Mace mai waɗannan a gwangwanaye ba ta rasa miya ko cefane bai zo ba.

Wake ki jiƙa shi tun da dare ko da asuba, zai rage miki lokaci da itace, ba sai kin cika masa kanwa ba. Akwai kuma dabarar da nake koya wa duk mai fita aiki: ki tafasa waken sosai kamar minti 15 da safe, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo ki cusa cikin kwando ko kwali, ki tafi makaranta. Zafin da ke ciki zai ci gaba da dafa shi. In kin taso da rana sai ki mayar kan wuta ya sake tafasa, ki zuba shinkafa. Ba ƙonewa, ba tsaron wuta.

Game da wutar kanta: tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ya shiga gidaje da yawa. In da hali, ƙaramar kwalba mai kilo 6 ta isa ta ɗauke miki kunun safe, ruwan zafi da miya. Tuwon gida mai yawa kam ba ya tuƙuwa da daɗi a kanta, tukunya na rawa. Shi a bar wa murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi, a fitar da shi tsakar gida inda hayaƙi zai tashi sama ba cikin ƙirjinki ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro ɗan shekara 7 ko 8 ya isa tsince shinkafa, gyaran zogale, wanke kwanoni, kuma ban ware maza ba. Ɗan da bai iya dafa wa kansa komai ba shi ke shan wuya in karatu ya kai shi Yamai ko Maraɗi. Ƴar aiki kuwa, in akwai halin ɗauka, ki ba ta wanke-wanke, shara da kai niƙa, ke ki riƙe haɗa miya. Na ga mata da yawa sun yi akasin haka, sun miƙa ludayi sun riƙe tsintsiya, sai suka rasa ɓangaren da suke so suka zauna da wanda ke gajiyar da su. Kuma dare ɗaya a mako a sayo masa ko ƙosai, ko a ci burodi da shayi, aure bai mutu ba.

Kin ce maigida bai ce komai ba. Na fahimci kina nufin bai yi faɗa ba, kuma wannan alheri ne. Amma shiru ma yana da nauyinsa. Mace ta yini a kan wuta, a cinye a tashi, in gishiri ya yi daidai ba mai magana, sai ranar da ya zarce. Ki same shi lokacin da ransa ke sanyi, ba lokacin da yake jiran abinci ba, ki ce: «Malam, girkin nan ya fara yi mini nauyi, ina son mu duba yadda za a sassauta.» Maza da yawa ba mugunta ke hana su ba, ba su taɓa sanin akwai abin dubawa ba ne. Ga maigidan da zai karanta wannan kuma: ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari, Nana A'isha kuma ta ce a gida yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. «Sannu da aiki, miyar nan ta yi» ba ta cin ko dala.

Yadda nawa ya dawo

Shekarar da innata ta rasu, ayyukan biki sun yi mini yawa, wani mako tukwane 10 nake tsayawa a kai. In na dawo gida ko ƙanshin albasa ba na son ji. Kusan shekara guda ina dafa wa iyalina abinci kamar mai biyan bashi. Na sayi sababbin tukwane, na kalli girke-girken waya, na gwada abincin ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Kowanne ya yi mini kwana biyu ya gushe, don ƙarin aiki ne na ɗora wa mai gajiya.

Abin da ya fara taimako shi ne na rage karɓar aiki, na kuma sha maganin ƙarin jini da aka rubuta mini. Bayan wata biyu, wata rana a kasuwar Katako na wuce wata tsohuwa da ke kasa gabu da daddawar batso. Warin daddawar nan ya tsayar da ni cak. Miyar guron innata ce ta faɗo mini, wadda take kaɗawa da ɗan busasshen nama, ba magi ba tumatir. Na saya na koma gida. Ranar ba wanda ya ce in yi, yara ma sun riga sun ci abincinsu. Na ɗora ƴar ƙaramar tukunya, na kaɗa, na ɗanɗana, ba ta yi ba. Na kira yayar innata a ƙauye, ta yi dariya ta ce gabun ake fara soyawa, daddawar kuma a daka ta da tonka kafin ta shiga ruwa. Sai a karo na uku ta fito. Na zauna ni kaɗai na ci ina hawaye, kuma tun rasuwar ban ci abin da ya kai wannan daɗi ba.

Daga nan na ɗauki al'adar da har yau ban bari ba, ita ce kuma nake ba ki: tukunya ɗaya a mako taki ce. Ke za ki zaɓi abin da za a dafa, don bakinki, ba don na kowa ba, a lokacin da ba mai tsaye a kanki. Ƙarama, kada ta zama wani aikin. Ki je kasuwa da kanki ranar, ko da maigida ne mai cefane, don rabin marmari a gaban tire yake tashi: ki ga kifin Tabalak ya shigo, ko sabon kabewa, ko cukun Abalak, hannunki ya yi ƙaiƙayi. Kuma in da hali ki kira wata, ƙawa ko maƙwabciya, ku yi tare, ita ta nuna miki dambun gidansu ke ki nuna mata taushenku. Maƙwabtan nan da ke aiko kwano, ki aika wa ɗaya daga cikinsu ba ta roƙa ba. Mai girki na bukatar bakin da zai ce «wa ya yi wannan?», kuma mutanen gida sun saba da hannunki har sun daina tambaya.

Ba zan ce miki mako kaza zai ɗauka ba. Nawa ya yi watanni, na wata ɗalibata da ta yaye goyo ya dawo cikin ƴan makonni da ta fara samun barci. Ba zan kuma ce zai dawo kamar na amarci ba, lokacin da kike da mutum ɗaya da yini guda. Ranakun da za ki dafa don dole ba za su ƙare ba, ni ma ina da su. In kuma matsalar ta fi ƙarfin dabara, wato abin da ake bayarwa bai isa ciyar da gidan ba ko yaya aka juya shi, wannan magana ce ta ku biyu da manyanku, kada ki ɗora wa hannunki laifinta.

A wannan makon abu biyu kawai nake so ki yi. Ki je a auna jininki. Sannan ki kira innarki ko gwaggonki, ki tambaye ta miyar da kika fi so kina yarinya, ki sa ta faɗa miki daki-daki, me ke fara shiga tukunya, me ke biyo baya, ki rubuta. Ranar Lahadi da la'asar, in rana ta yi sanyi, ki fitar da murhu tsakar gida ki ɗora ƴar ƙaramar tukunya.